Faɗakarwa Ga Muridai Bisa Halin Uwar 'Ya'yana

Da sunan Allah. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ku sani, ya ku 'yan'uwa muridai, na tsufa ina karantar da Alƙur'ani, amma ban san mene ne hidima ba sai a wurin uwar 'ya'yana, Allah ya jiƙan ta. Haddarta ba ta wuce izu biyu ba. Lazimi kuwa, istigfari 100, salatin Annabi 100, hailala 100, safe da yamma, ba ta bari sai da uzuri.

A shekarar fari, 1973, rumbunmu ya ƙare, ga almajirai cike da zaure. Kullum tana dama kunu tana aika musu. In na tambayi rabonta, sai ta ce, "Malam, azumi nake." Sai bayan rasuwarta na ji cewa tasoshin aurenta ta sayar ta auno gero, ba ta gaya wa kowa ba.

Ni kuwa a zuciyata ina ganin na fi ta, domin ina da littattafai. Astagfirullah. Ta koma ga Ubangijinta ban roƙe ta gafara ba.

Ya kai muridi, kada carbinka ya ruɗe ka. Wuridi ba ya tsayawa ga harshe, sai ya sauko hannu. Kada ka raina wadda ke dafa maka tuwo, wataƙila ta riga ka isa. Nemi yafewarta tun tana da rai.

Wanda ya karanta wannan, ya karanta mata Fatiha. Tammat.