MUGUN WASA DA HAKKIN MAI DUKIYA

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Bayan haka, tambayar wannan mako ita ce: shin kalmar "wasa nake yi" tana sauke wa mutum alhakin ɓarnar da ya jawo?

A shekarar 1999 wani kamfani a Amurka ya fito da manhajar BonziBuddy, wani goggon biri mai launin shunayya da ke yawo a fuskar kwamfuta yana magana da barkwanci. Yara suka so shi ƙwarai. Ashe yana tattara bayanan masu amfani da shi, har a 2004 hukumar kula da ciniki ta ƙasar ta ci kamfanin tarar dala 75,000 saboda bayanan ƙananan yara.

Da waɗannan yara suka girma, sai begen abokin ƙuruciyarsu ya motsa. Wani marubucin manhaja da ake kira Leurak, wanda ya yi muguwar manhajar MEMZ a 2016, ya ƙirƙiro Bonzify don raha. Ita kuwa tana cika kwamfuta da fuskar birin nan, ta dagula manhajojin ciki, har na'urar ta kasa aiki.

Masu kāre irin wannan sukan ce ai don 'yan kallo aka yi ta, a kan kwamfutar gwaji wadda babu asara idan ta lalace. Hakika wannan uzuri yana da nauyi, domin wanda ya ɓata abinsa da saninsa bai zalunci kowa ba. Amma abin da aka saka a intanet ya fita daga hannun mai shi, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Saboda haka maƙerin yana da nasa kason.

Kaso mafi girma kuwa yana wuyan wanda ya aika wa abokinsa ita. Ya fake da fuskar da abokin ya saba da ita tun yarinta don ya saki jiki, wannan kuwa cin amana ne. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya hana tsorata Musulmi da ɗauke masa kaya, ko da wasa ne. Malaman fiƙihu kuma sun ɗora biya a kan wanda ya lalata dukiyar wani, da gangan ko bisa kuskure.

To, wasan da ɗalibi zai rasa rubutunsa na shekara guda a cikinsa, wanda ya yi shi sai ya biya, ya kuma nemi afuwa. Allah Ya kiyashe mu da ɗaukar hakkin bayinsa, amin.