Darasi na 9: Ziyarar Ƙasa Mai Tsarki

Abin karatu: Yohanna 4:5-26, Luka 24:1-9.

A shekara ta 2007 gwamnatin tarayya ta kafa hukumar da ke lura da ziyarar Kirista zuwa Urushalima. Tun daga sa'an nan masu bi da yawa na Jihar Bauchi suka je suka komo. Mu da mu ke zaune a Giade da Azare da sauran ƙasar Katagum mun saba ganin maƙwabtanmu Musulmi suna shirin Hajji, gama farilla ce a kansu idan suna da hali. Saboda haka ya kamata mu bincika, mu san matsayin tamu ziyarar.

1. Abin da mai ziyara ke gani

Da fari ya kan tarar ƙasar ƙarama ce. Daga Nazarat zuwa Baitalami mil 90 ne ko kusa, watau bai kai tafiyar Azare zuwa Kano ba. Daga Urushalima zuwa Yariko mil 17 ne, hanya kuwa tana gangarawa fiye da ƙafa 3,000 cikin duwatsu da kufai. Wanda ya bi ta ba zai ƙara mamakin mutumin nan da 'yan fashi suka tare ba. A Baitalami akwai majami'ar da Sarki Kustantin ya sa aka fara ginawa a ƙarni na 4. Tsawon ƙofarta kamar ƙafa 4 ne, sarki da talaka duka sai sun sunkuya kafin su shiga. A Urushalima kuma, mabuɗin majami'ar kabarin Ubangijinmu yana hannun gidaje biyu na Musulmi tun ɗaruruwan shekaru, su ne ke buɗe ƙofar da asuba. Wannan abin tunani ne gare mu da mu ke cin kasuwa ɗaya da maƙwabtanmu.

Amfanin ganin waɗannan wurare babba ne. Suna shaida mana cewa Bishara ba tatsuniya ba ce. Yesu Almasihu ya taka ƙasa mai ƙura irin tamu, ya gaji, ya ji ƙishirwa.

2. Abin da Yesu ya koyar a bakin rijiya

Rijiyar Yakubu tana nan a Nablus, zurfinta ya fi ƙafa 100. Matanmu da ke jan guga sun san abin da matar Samariya ta ke nufi sa'ad da ta ga baƙo ba shi da abin ɗiba. Daga baya ta kawo masa gardamar da ke tsakanin mutanenta da Yahudawa: ina ne wurin sujada, Dutsen Gerizim ko Urushalima? Ubangiji ya nuna mata lokaci ya yi da Uba ke neman masu yi masa sujada da zuciya ta gaskiya, ta wurin Ruhu, ko ina su ke. Mu lura da kyau: shi da kansa ne ya kwance sujada daga wuri guda. Don haka babu inda Sabon Alkawari ya ɗora mana ziyara ta zama tilas. Ruwan Urdun ba ya wanke zunubi, jinin Almasihu ne ke wankewa.

Kabarin ma da mutane ke layi domin su shiga, babu kowa ciki. Matan da suka je da sassafe da kayan ƙanshi su ne masu ziyara na fari, mala'iku kuwa suka sanar da su ya tashi, suka koma da gudu suna ba da labari.

3. Gargaɗi

Ɗan'uwa, kada ka sayar da gonarka ko shanun nomanka, ka bar iyalinka da yunwa domin a riƙa rubuta JP bayan sunanka. Kada kuma wanda ya tafi ya ɓuya a can garin neman kuɗi, ya jawo wa sunan Ubangiji zargi. Wanda Allah ya ba shi hali ya je da tawali'u, ya komo ya koya wa ikkilisiya abin da ya gani, gama wanda aka ba shi da yawa, da yawa za a nema a hannunsa. Tsohuwar da ba ta taɓa wuce Azare ba, tana durƙusawa a ɗakinta da bangaskiya, ba a rage mata kome ba.

Tambayoyi

1. Me ya bambanta ziyarar mai bi da idin da Isra'ilawa ke zuwa Urushalima sau uku a shekara?
2. Me matan suka yi bayan sun bar kabari?
3. Ta yaya ikkilisiyarmu za ta amfana da wanda ya komo?

Addu'a: Ya Uba, ka kiyaye 'yan'uwanmu matafiya, ka ba ƙasar nan salama, ka koya mana yi maka sujada da gaskiya a inda ka ajiye mu. Cikin sunan Yesu. Amin.