Ciniki da Baki: Zanen Nan Na Wane Ne?

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa matashi, ga wata mas'ala da take tasowa kullum tsakanin Rijiyar Lemo da Fagge da Sabon Gari. A ɗauka kana da kwamfuta, ka iya zane. Wani Alhaji mai shago a kasuwar Sabon Gari ya kira ka ya ce, "Yaro, yi mini tambarin da zan sa a ledar kayana." Ka yi, ya ba ka naira 20,000, kuka yi musafaha. Ba takarda, ba shaida. Bayan shekara kayansa suka karɓu, tambarin ya shiga ko'ina. Sai wani ɗan Kantin Kwari ya zo ya ce yana son irinsa, zai ba ka ninki uku. To, zanen nan na wane ne? Naka, da ka ƙage shi? Ko na Alhaji, da ya biya?

Da farko ka sani, sa mai sana'a ya yi maka abu halal ne. Ya tabbata a Sahihul Bukhari cewa Annabi (S.A.W.) ya sa kafinta ya yi masa mumbari, ya kuma sa an ƙera masa zoben azurfa. Amma mumbari idan an ba ka shi, ya bar hannun kafinta ke nan. Zane kuwa ka ba Alhaji, ga shi kuma yana nan cikin kwamfutarka. Daga nan rigima take farawa.

Kada ka ce ai tunani ba dukiya ba ne. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin mawallafi da na mai ƙirƙira da sunan kasuwanci dukiya ne da Shari'a take karewa, bai halatta a taɓa su da zalunci ba.

Dokar ƙasa ma ta yi magana. Dokar haƙƙin mallaka ta 1988, da sabuwa ta 2022 wadda aka sa wa hannu a 2023, duk sun nuna cewa asalin haƙƙin yana hannun wanda ya ƙirƙiri aikin, sai in an yi wata yarjejeniya. Kuma sayar da haƙƙin ɗungurungum ba ya tabbata sai a rubuce. Izinin yin amfani da aikin kuwa, wannan yana iya kasancewa da baki. Watau a gaban kotu mai yiwuwa ne Alhaji ya tarar izini kaɗai ya saya.

To, a nan Shaiɗan zai zo maka ya ce, "Ai ba ku rubuta ba, doka tana bayanka, karɓi kuɗin ɗan Kwari." Tsaya tukuna, ɗan'uwa. Ayar farko ta Suratul Ma'ida ta umurci muminai da cika alkawura, ba ta ware na baki ba. Ciniki a Musulunci yana ƙulluwa da yardar juna. Tambayi zuciyarka: ranar da kuka yi musafaha, me kuka fahimta ku biyu? Ka san sarai ba mai sayen tambari don maƙwabcinsa ya sa irinsa. Malaman fiƙihu sun ce abin da al'adar kasuwa ta san da shi, matsayin sharaɗi yake da shi. In ka sayar wa ɗan Kwari, ka ci amana ko da alƙali ya wanke ka, don alƙali da zahiri yake hukunci.

Haka kuma in wata rana kai ne Alhajin. Ka sa yaro zanen leda ɗaya, sai ka ɗauka ka buga a kwali da allon talla, har ka sayar wa wani, kana cewa "ai na biya." Me ka biya? Hadisi ya zo a Bukhari cewa cikin mutum uku da Allah zai yi husuma da su ranar Alƙiyama akwai wanda ya sa ma'aikaci aiki, ya karɓi aikin cif, ya hana shi ladansa.

Maganin wannan yana cikin aya mafi tsawo a Alƙur'ani, aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta yi umurni da rubuta bashi da kafa shaidu. Mu kuwa mun mai da rubutu abin kunya, wai rashin yarda ne. Sahabbai sun fi mu yarda da juna, amma su aka fara yi wa umurnin. Mutum yana mantuwa, yana mutuwa, magada kuwa ba su ji musafaharku ba.

Saboda haka kafin ka taɓa aiki, ɗauki takarda ka rubuta abu huɗu:

1. Wane aiki ne, yaushe za a gama.
2. Nawa ne ladan, yaushe za a biya.
3. Haƙƙin aka sayar gaba ɗaya, ko izinin amfani kawai.
4. Ko an yarda ka yi wa wani irinsa.

Ku sa hannu a gaban shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafi. Idan kuwa aikin ya riga ya wuce da baki, tashi yau ka je wurin Alhaji ku warware tun kuna shiri.

Allah Ya tsare mu daga cin haram, Ya sa albarka a sana'armu. Amin.