Gwangwani Bakwai a Ɗakin Amarya

Saura kwana uku a kai ƙanwarmu ɗakinta a Takur, gardama ta tashi a gidanmu a kan wani ɗan tumtum na ɗora ƙafa. Goggonmu ce ta yi shi da hannunta. Ta yi watanni tana karɓar manyan gwangwanayen madara a wurin mai shayin bakin layinmu, har ta zaɓi bakwai masu tsayi ɗaya. Ta wanke su, ta shanya, ta naɗe kowanne da tsohon zani don kada su riƙa ƙara. Ta sa ɗaya a tsakiya, shida suka kewaye shi, ta ɗaure su tamau da igiyar roba. Ta yanka kwali mai kauri ta sa sama da ƙasa, ta ɗora soso, sannan ta lulluɓe duka da ragowar atamfar anko da ta karɓo wurin tela. Duk wanda ya gan shi sai ya ɗauka daga kanti aka sayo.

Wannan ɗaukar ce ta dami yayarmu. Ta ce, "Goggo, wannan fa yaudara ce. Dangin ango za su zo ganin ɗaki su zata na kuɗi ne, alhali kayan bola ne a ciki." Goggo ba ta ko ɗago kai daga ɗinkinta ba ta ce, "Ke 'yar nan, rufin asiri kike kira yaudara?"

Mu da ke zaune a tsakar gida muka yi dariya, amma tambayar ta bi mu har wurin aiki, domin kowacce a cikinsu tana da hujja. Babu addu'ar da Bahaushe ya fi yawaita wa kansa da 'ya'yansa kamar Allah Ya rufa asiri, kuma tufafin da muke sawa ma sutura muke ce musu. A gefe guda, babu halin da muke ƙyama a ciniki kamar algus: manyan tumatir a saman kwando, ruɓaɓɓu a ƙasa, hatsi mai kyau a bakin buhu, tsakuwa da ƙaiƙayi a gindi. Duk wanda ya taɓa yin awo a kasuwar Shuwarin ya san dalilin da ke sa mai saye cusa hannu har cikin buhu. Tun muna makarantar Islamiyya aka karantar da mu labarin mai sayar da abincin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙarƙashin busasshe, da yadda Annabi (SAW) ya tsawatar masa. To, da mai rufin asiri da mai algus, duka rufi suke yi. A ina suka rabu?

Amsar da ta fara zuwa mana ita ce ta yayarmu: laifin yana ga asalin abin da aka rufe, tunda daga bola ya fito. Amma wannan amsa ba ta yi nisa ba ta gaji. Tun 1810 da aka yi wa fasahar adana abinci a gwangwani rajista a Ingila, an ƙera shi ne don a buɗe a yar, mu kuwa da ya iso hannunmu ba mu taɓa yarda mu yar ba. Da shi aka yi fitilar aci-balbal da iyayenmu suka yi karatu da ita. Da shi ake auna gero da shinkafa a cikin gida. Da shi muka ƙera motoci muna yara muka ja a kan layi. Tukunyar da ake dafa tuwon biki ma, sau da yawa narkakken alminiyum ne da 'yan jari-bola suka tsinto. Ba mu taɓa jin wanda ya ce tukunyar ta yi masa ƙarya ba.

Sana'armu ta rubuta manhaja ta ƙara nuna mana raunin wannan amsa. Kusan duk manhajar da ke cikin wayar da kake karanta wannan rubutu da ita, tumtum ɗin Goggo ce. Launuka da maɓallan da ke kan fuskar waya su ne atamfar. A ƙasansu akwai tsofaffin ayyukan wasu mutane da aka tattaro aka ɗaure wuri ɗaya. Wayar Android tana zaune ne a kan Linux, wanda wani ɗalibi a Finland ya fara rubutawa a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro jihar Jigawa aka mai da Dutse babban birni. Bankuna da dama a duniya har yau suna lissafi da COBOL, harshen kwamfuta da aka tsara tun 1959. Ba wanda ke kiran wannan zamba, domin abin da ke ƙasa yana ɗaukar nauyin da fuskar ta yi alkawari.

Zamba kuwa mun san kamanninta. A 2015 aka gano kamfanin Volkswagen ya sa wa motoci wajen miliyan 11 wata manhaja da ke gane lokacin da ake gwajin hayaƙi, sai motar ta rage gurɓataccen hayaƙinta, in an gama gwaji ta koma halinta. Ƙarfen sabo ne, fentin sabo ne, babu ko ƙusa ɗaya daga bola, amma algus ne tsantsa.

Ba sai mun je Jamus ba ma, mu kanmu mun taɓa yi. Shekarun baya mun rubuta wa wani mai shagon kayan masarufi manhajar riƙe lissafin bashi. Mun san cewa in wuta ta ɗauke ana tsakiyar shigar da bayani, lissafin ranar yana iya ɓacewa. Gyaran zai ci mako guda, mu kuma kuɗinmu muke so. Sai muka ƙawata fuskar manhajar, muka nuna masa, ya yaba, ya biya. Bayan wata biyu wuta ta ɗauke masa ranar da ya fi ba da bashi, ya zo da ɓacin rai yana ƙirga sunayen da bai iya tunawa ba. Mun gyara daga baya, mun ba shi haƙuri, amma kuɗin da ya rasa ba su dawo ba, shi ma bai sake dawowa ba.

Abin da ya sa wannan ya faɗo mana a rai shi ne wani abu da muka gani a hannun Goggo. Cikin gwangwanayen da ta tara, ta ware biyu ta jefar duk da cewa sun fi sauran sheƙi, saboda sun ɗan lotsa a gefe. Gwangwani in yana tsaye lafiyayye yana ɗaukar nauyi mai ban mamaki, domin nauyin yana bazuwa daidai a jikinsa. Da zarar gefe ɗaya ya lotsa, nan nauyin zai taru, ya durƙushe. Goggo ba ta karanta kimiyya ba, amma ta san cewa in ta cusa lotsattse a tsakiya babu mai gani, sai ranar da wani dattijo ya dogara da shi. Mu da digirinmu, lotsattsen muka cusa.

Don haka ma'aunin da muka tsaya a kai shi ne: in aka yaye rufin, wa zai yi asara? In mu ne za mu ɗan ji kunya, ɗayan kuwa bai rasa komai ba, to rufin asiri muka yi. In kuwa shi ne zai gane an ci da guminsa, ko an sa shi dogara da abin da ba zai ɗauke shi ba, algus ne, ko da shadda aka lulluɓe shi. Mai rufin asiri ba ya cin ribar jahilcin wani, shi ya sa in an tambaye shi yake iya faɗin gaskiya. Mai algus kuwa kasuwarsa tana mutuwa ne ranar da aka tambaya.

A nan dole mu ba yayarmu nata haƙƙin. Da Goggo ta kai tumtum ɗin kasuwa ta ce katako ne a ciki, ko da mun sa shi a lissafin kayan ɗaki da farashin kanti don a ce mun kashe kuɗi, da maganarta ta tabbata. Atamfar ba ta canza ba, gwangwanayen ba su canza ba, bakinmu ne zai mai da abin yaudara.

Sai dai ma'aunin nan bai tsaya kan tumtum ba, ya juyo kanmu. Ɗakuna nawa muka shiga a Takur da sauran unguwannin Dutse, aka jera gado da kujeru masu ɗaukar ido, alhali uban amarya ya sayar da gonarsa ko ya ci bashin da zai shekara uku yana biya? Kayan ma wani lokaci garin katako ne da aka danne, damina ɗaya ta ishe shi kumbura. Wannan jere ba wanda ke ce masa yaudara, har guɗa ake yi masa, ga shi kuwa akwai wanda ke asara a ƙarƙashinsa. Mu da ke zuwa ganin ɗaki muna taɓe baki, mu ne muke tura iyaye su cusa lotsattsen gwangwani a tsakiyar rayuwarsu.

An kai tumtum ɗin ɗakin amarya. Ranar ganin ɗaki wata gwaggon ango ta ɗaga shi don ta gyara zama, ta ji shi sakayau, ta ce, "Wannan kuma da me aka yi shi?" Yayarmu ta sunkuyar da kai. Goggo ta ce, "Gwangwani ne, Hajiya, guda bakwai. Ɗora ƙafarki, ko ki hau ma in kina so." Wasu suka yi dariya, wata ta taɓe baki, kuma har yau yayarmu tana cewa da an bar shi a gida da ya fi. Hajiyar dai ta ɗora ƙafarta har aka tashi, da za ta fita ta tambayi irin gwangwanin da ya kamata ta tara. Mai shayin bakin layinmu ya ji labari, yanzu ya daina bayarwa kyauta.