Jirgin Galili a Kan Teburin Falo



Wani dattijon ikilisiya da ya dawo daga ziyarar Isra'ila ya kawo mini tsaraba: kwali cike da siraran katako, da zare, da ƙyalle, da takardar zane. In an harhaɗa su, za su zama ƙaramin kwatancin jirgin masunta na Tekun Galili, mai tafiya da iska. Na kira autana muka zauna a kansa.

Jirgin da aka kwaikwaya yana nan har yau. A shekarar 1986 fari ya sa ruwan tekun ya ja da baya, sai wasu masunta biyu, wa da ƙane, Moshe da Yuval Lufan na ƙauyen Ginosar, suka gan shi a cikin laka. Tsawonsa ya ɗan haura mita 8, faɗinsa mita 2.3, masana kuwa sun sa shekarunsa a wajajen zamanin Ubangijinmu. Ba shaidar da ta nuna Yesu ya taɓa shigarsa, amma irinsa ne almajirai suke ciki a daren hadirin nan na Markus 4:35-41.

Kafa haƙarƙarin bai ba mu wuya ba. Lulluɓe su da katako shi ne aikin. Kowane silin katako miƙaƙƙe yake, jikin jirgi kuwa lanƙwasasshe ne. Sai an jiƙa shi a ruwan ɗumi, a tanƙwara shi kaɗan-kaɗan, a sa gam, a maƙale, a bar shi ya kwana. Ni da na saba da gaggawar ɗab'i, na danna na uku da ƙarfi, ya karye. Kafin in ankara na daka wa yaron tsawa, wai bai riƙe da kyau ba. Ya yi shiru, ya tashi ya shige ɗaki.

Iyaye maza, da mu Manzo Bulus yake a Afisawa 6:4, inda ya gargaɗe mu kada mu tsokani 'ya'yanmu su yi fushi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gaskiya ne, amma mun mai da karin maganar nan lasin bulala da tsawa. Ɗanyen ma yana karyewa. Yara nawa ne a cikin ikilisiyoyinmu suke zaune a benci ranar Lahadi, alhali zuciyarsu ta daɗe da barin gida saboda zafin hannun uba?

Na yi niyyar jefar da karyayyen, sai na tuna da ainihin jirgin. An sami itace iri 10 ko fiye a jikinsa, har da al'ul, wasu an ciro su ne daga tsofaffin jirage. Jirgin talakawa ne, faci a kan faci, duk da haka ya yi shekaru yana ciyar da iyali. Bitrus ma, da ya yi musun Ubangijinsa sau uku, a bakin tekun nan aka maido shi aka ba shi kiwon tumaki, kamar yadda Yahaya sura 21 ta nuna.

Na ƙwanƙwasa ƙofar yaron, na ce, "Auta, laifina ne, ka gafarce ni." Wannan ya fi mini rubuta wa'azi goma wuya. Washegari muka haɗa ɓarin biyu da gam, muka goge da samfefa. Tabon yana nan a gefen hagu, ya ce kada a rufe shi da fenti. Saura ɗaura ƙyallen, mun bar shi sai ya dawo hutun makaranta.