Iyali Mai Tsarki Ma Sun Yi Gudun Hijira



A cikin Bisharar Matiyu, sura ta biyu, mun ji yadda Yusufu Mai Tsarki ya tsere zuwa Masar cikin dare da Uwa Maryamu da jariri Yesu, saboda takobin Hirudus. Mukan wuce wannan labari da sauri, amma ya kamata mu tsaya mu yi bimbini a kansa. Masassaƙi ya bar ƙasarsa da mutanen da suka san aikin hannunsa. Uwa ta yi reno a wurin da ba ta da dangi, ba ta kuma jin harshen maƙwabta. Ubangijinmu da kansa ya fara rayuwarsa a matsayin ɗan gudun hijira. Saboda haka, duk inda aka ambaci masu gudun hijira, maganar ta shafi Ikkilisiya.

A ranar 24 ga Fabrairu, a shekara ta 2022, sojojin Rasha suka afka wa ƙasar Yukiren. Kafin ƙarshen shekara ta 2024, Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙidaya fiye da mutum miliyan 6 da ke zaune a wajen ƙasar. Yawancinsu mata ne da yara da tsofaffi, domin dokar yaƙi ta 2022 ta hana maza masu shekara 18 zuwa 60 fita. Uwa ta shiga jirgin ƙasa da 'ya'yanta, miji ya tsaya a tasha, ba wanda ya san ranar sake saduwa.

Ƙasashen Turai sun yi abin yabo. A ranar 4 ga Maris, 2022, Tarayyar Turai ta fara aiki da wata dokar ba da kariya ta wucin gadi wadda aka kafa tun 2001 ba a taɓa amfani da ita ba. Dokar ta ba su izinin zama, da yin aiki, da zuwa asibiti, da sa yara a makaranta. Jamus kaɗai ta karɓi fiye da miliyan ɗaya. A Folan, iyalai da gidajen sistoci da majami'u sun buɗe ƙofofinsu, ƙungiyar Caritas kuma ta raba abinci da tufafi. Marigayi Paparoma Francis ya aiki Kadinal Konrad Krajewski da Kadinal Michael Czerny zuwa yankin a watan Maris na 2022.

Amma 'yan'uwa, bargo da burodi ba sa kai wa ga kowane ciwo. Akwai raunin da ido ba ya gani. Matar da ta kwana makonni a ƙarƙashin ƙasa a Mariupol tana iya firgita da ƙarar ƙofa bayan shekaru. Yaro yakan daina magana, ko ya koma fitsarin kwance. Wani ba ya iya barci, wani kuma yana zargin kansa don ya tsira ya bar 'yan'uwansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2019 cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar a wuraren da yaƙi ya shafa yana fama da ciwon damuwa, ko fargaba, ko wata larurar ƙwaƙwalwa.

A nan muke so mu gyara wani kuskure da mu ma mukan yi. Mukan ce wa mai baƙin ciki ya ƙara addu'a, kamar ciwonsa alamar ƙarancin bangaskiya ce. Ba haka Ikkilisiya take koyarwa ba. Ubangijinmu ya yi baƙin ciki mai tsanani a gonar Getsamani, ya kuma nemi almajiransa su zauna kusa da shi. Basamariyen nan na cikin Bisharar Luka ya ɗaure raunin mutumin, ya kai shi masauki, ya biya a lura da shi. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne. Allah da ya ba mu addu'a, shi ne ya ba likita sani. Masu aikin jinƙai suna koya mana taimakon farko ga mai firgici: a lura da halinsa, a saurare shi ba tare da tilasta masa magana ba, sa'an nan a haɗa shi da wanda ya san aikin.

Bayan magani kuma sai zama cikin jama'a, gama kaɗaici yana ƙara ciwo. Paparoma Francis ya koyar cewa a karɓi baƙo, a kāre shi, a ɗaga shi, a kuma shigar da shi cikin al'umma. Na ƙarshen nan shi ne mafi wuya. Malama ko likita daga Kharkiv takan koma aikin shara saboda harshe da jinkirin amincewa da takardunta. Yara da yawa suna zuwa makarantar ƙasar da suka sauka da safe, su bi darasin gida ta intanet da yamma, zuciyarsu a rabe. Abin da yake warkar da su shi ne ajin koyon harshe, da aikin da ya dace da iliminsu, da maƙwabcin da ya san sunansu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mu ma ba baƙi ba ne ga wannan labari, domin a majami'unmu akwai waɗanda tashin hankali ya raba da ƙauyukansu. Bari mu tuna da mutanen Yukiren a Sujadar Misa, mu kuma dubi wanda yake zaune shi kaɗai a bencin baya, mu gaishe shi, mu kai masa ziyara a wannan mako.

Yesu, Maryamu da Yusufu, ku yi rakiyar dukan waɗanda suke nesa da gida. Amin.