Faɗuwar Gwarzo: Laifin Shekaru Ko Ƙullin Bayan Fage?

Duk wanda ya tashi a ƙasar Tofa ya san cewa idan aka yanke gero, dawa ta shiga rumbu, aka gama roron gyaɗa, to abin da ya rage wa samari shi ne jiran ranar kokawa. A wannan yanki da gona ke manne da gona, ƙauye na hango ƙauye, ba a rasa fili guda da za a share, makaɗa su kafa gangunansu, 'yan mata su jeru da tallar rake da dafaffiyar gyaɗa. A irin wannan taro ne muka hangi wani mutum, wanda ba za mu ambaci sunansa ba, yana tsaye can bayan 'yan kallo riƙe da kekensa. Shekarun baya, idan ya ɗaura bante ya shigo fage, sai kowa ya miƙe tsaye. Rannan kuwa babu makaɗin da ya ko juyo da ganga wajensa.

Da muka gaisa, muka tambaye shi abin da ya raba shi da wasa, sai ya ce, "Malam, ni ba a fage aka ka da ni ba, a zaure aka ka da ni." Wani dattijo da ke kusa ya yi dariya ya ce masa, "Ɗana, faɗi gaskiya dai, gwiwa ce ta ƙi." Waɗannan maganganu biyu su ne suka sa muka ɗauki alƙalami, domin kowacce na da ƙamshin gaskiya, kuma a tsakaninsu akwai tambayar da ta shafi kowa: idan rana ta fara yi wa gwani yamma, me jama'a za su yi masa wanda ya halatta, me kuma ya zama cin amana?

Da farko ya kamata mu yarda cewa babu kokawar da ba ta da zaure. Kafin mutum biyu su kama juna, akwai waɗanda suka zauna suka yanke wa zai kara da wa, wa zai shiga da fari, wa za a ajiye sai ya huta, wa zai yi alƙalanci, ƙauyen wa za a gayyata. Wannan tsari dole ne, domin in babu shi za a haɗa yaro da ƙato a karya shi, ko kuma wasa tsakanin ƙauyuka biyu ya koma faɗan sanduna. Amma duk inda aka ba wasu 'yan tsiraru ikon shirya abin da jama'a za su kalla, to an buɗe ƙofar son zuciya. Mai kuɗin da ya ɗauki nauyin taro yana da yaronsa, ɗan siyasar da ya kawo kyautar babur yana da nasa, makaɗi kuma ya san hannun da ke yi masa kari.

Gwargwadon girman kyauta, gwargwadon zafin zaure. A Jamhuriyar Nijar, tun shekarar 1975 da aka fara gasar Takobi a Tawa zamanin mulkin Saini Kunce, inda Kantu na Maraɗi ya zama sarkin farko, kokawa ta tashi daga wasan kaka ta zama harkar ƙasa. Kowace jiha daga cikin takwas takan zo da 'yan kokawa goma, ke nan mutum tamanin ke neman takobi ɗaya. Mai hankali ya san cewa zaɓen mutum goma daga jiha guda shi kansa wata kokawa ce da ba a yin ta gaban jama'a. A Amurka kuwa, irin kokawar da muka saba gani a talabijin, zauren ya haɗiye fagen gaba ɗaya, domin tun kafin a hau dandamali an riga an rubuta wanda zai yi nasara. Duk da haka, har a can akwai abin da suke kira cin amana. A watan Nuwamba na 1997, a birnin Montreal na Kanada, Bret Hart yana riƙe da kambun kamfanin WWF, kuma yana shirin komawa kamfanin WCW. Ya hau dandamali bisa fahimtar cewa ba a daren zai saki kambun ba, sai mai kamfanin, Vince McMahon, ya sa aka kaɗa ƙararrawa kamar ya yi saranda, aka miƙa wa Shawn Michaels. Har yau ana tattauna wannan dare. Abin lura a nan shi ne, ko a wasan da kowa ya san shiri ne, mutane ba su yafe wa wanda ya karya alƙawari ba.

Idan muka dawo gida, za mu ga hanyoyi uku da zaure ke bi da gwarzon da ƙarfinsa ya fara ja baya. Hanya ta farko ita ce a kare shi. Tunda sunansa ne ke cika fili, sai a riƙa haɗa shi da waɗanda ba su kai ba, ko a ja yaro mai tasowa gefe a ce masa, "Ka ji kunyar babba." Mutane da yawa na ɗaukar wannan a matsayin tausayi. Mu kuwa muna ganin ha'inci ne har kashi uku. An ha'inci 'yan kallo da suka baro gidajensu don ganin gaskiyar ƙarfi. An ha'inci yaron da aka danne a lokacin da ƙashinsa ke kan ganiya, alhali ƙuruciya ba ta jiran kowa. An kuma ha'inci shi kansa gwarzon, domin an ɓoye masa labarin da jikinsa ke son faɗa masa, har ranar da zai gamu da baƙon da bai san zancen zaure ba, ya yi masa kayen da ba zai sake tashi ba.

Hanya ta biyu ita ce a mai da shi tsani. Sabon ubangida ya zo da sabon yaro, ana son yaron ya yi suna da wuri, sai a haɗa shi da tsohon gwani. A nan sai mun yi hattara wajen hukunci. Idan an haɗa su ne kowa da hutunsa, alƙali bai karkata ba, yaro ya ka da babba, to babu zalunci ko kaɗan. Ai shi ma gwarzon da haka ya samu suna, wani ya kayar aka san shi. A Senegal, Yekini ya shafe kimanin shekara goma sha biyar ba a kai shi ƙasa ba, sai a watan Afrilu na 2012 Balla Gaye na biyu ya kayar da shi a Dakar a gaban dubban jama'a, kuma wannan bai goge tarihinsa ba. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Zaluncin yana shigowa ne idan aka gajiyar da shi da karo uku a jere aka ajiye yaron yana shan iska, ko alƙali ya ga abin da bai faru ba. Wanda aka yi wa haka an ƙwace masa abu na ƙarshe da ya rage masa, wato ya san cewa da gaske aka fi shi.

Hanya ta uku ita ce mafi sauƙi ga masu shiri, kuma ita ce mafi ciwo: a daina aika masa goron gayyata. Ba a kayar da shi ba, ba a sallame shi ba, an dai bar shi ya ji ganga daga nesa. Wannan butulci ne, kuma shi muka gani a idon mutumin nan mai keke.

To amma adalci bai yarda mu tsaya a kan masu zaure kaɗai ba. Shi ma gwarzon akwai tambayar da za mu yi masa. Lokacin da zaure ke bayansa, ana zaɓar masa abokan karo, ana danne wasu dominsa, ya yi magana? Sau da yawa wanda ya fi kuka da ƙulli shi ne wanda ya fi cin moriyarsa a jiya. Bugu da ƙari, zancen ƙulli yana da daɗi a baki, domin yana hutar da mutum daga amsa cewa shekaru sun yi aikinsu. Dattijon nan da ya ce gwiwa ce ta ƙi bai yi ƙarya ba. Yana yiwuwa an ƙulla masa, yana kuma yiwuwa ko ba a ƙulla ba da ya faɗi a kakar da ke biye.

Wani zai ce, ai magana na da sauƙi ga mai rubutu. A ƙasar da gonar gado ta rarrabu har ta koma 'yar fatala, mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a fage, kyautar kokawa ce ke sayo masa taki da kayan sallar yara, idan aka bar shi ya faɗi me zai ci? Wannan hujja ce mai nauyi, kuma ba mu raina ta ba. Amsarmu ita ce, tausayi yana da wurinsa, kuma wurin nan a wajen fage yake. A ba shi alƙalanci, domin babu wanda ya fi shi sanin inda ake maguɗi. A ba shi yara ya koya musu kamu da kariya. A ware masa kaso daga abin da taro ya tara, a kira sunansa a gaban jama'a ya zauna a kan tabarmar manya. Mutanen Nijar sun sa wa filin kokawar Maraɗi sunan Kantu, na Doso kuma sunan Salma Ɗan Rani, wannan karamci ne abin koyi. Sai dai suna a jikin bango ba ya ɗora tukunya, don haka a haɗa da abin da mutum zai kai gida tun yana da rai.

A taƙaice, haƙƙi biyu gwarzo ke bin jama'arsa: a bar shi ya faɗi faɗuwar gaskiya, sannan a kama hannunsa a tashe shi. Wanda ya hana shi na farko ya yaudare shi, wanda ya hana shi na biyu ya yi masa butulci. Kuma wannan magana ta wuce kokawa. Akwai tsohon malami, akwai tsohon mawaƙi, akwai tsohon marubucin da yara suka daina neman littafinsa, kowannensu yana da nasa fagen da nasa zauren. Mu da ke tasowa mu tuna cewa yadda muka sauke na gabanmu, haka na bayanmu ke kallo suna koyo. Allah ya sa mu gama da duniya lafiya, amin.